Gwada babur a wurin baje koli

Malam, ka tambaya ko zagaye ɗaya a filin baje koli ya isa ka zaɓa tsakanin Boxer ta Bajaj da HLX ta TVS. Gaskiya bai isa ba. Filin sumul yake, kuma mai yiwuwa sun riga sun ɗumama injin kafin ka iso.

Taɓa salansa a hankali tukuna, ka ji ko an ɗumama injin. In da sanyi, sai ka tayar da injin da kanka ka ji. Ɗauki goyo mai jiki, ka nemi gargada, ka taka birkin baya da ƙarfi. A nan shokozoba ke tona asiri. Duka biyun 'yan Indiya ne, amma ka tambayi bakaniken unguwarku wanne ne kayan gyaransa suka fi samuwa. Ni dai Boxer zan ɗauka saboda hakan.