Amsa: alƙawarin ƙarfe 9 da ya zo a makare

Malam, ka ce mai sayen kayanka a Faransa ya zaɓi ƙarfe 9 a fom, ka kira shi ƙarfe 9 na Yamai, ya ce ka makara da awa guda. Laifin datetime-local ne, wato gurbin fom da ake zaɓar rana da lokaci: "2025-07-10T09:00" yake turowa tsirara, babu yankin lokaci. Nijar kullum UTC+1 take, wato awa guda gaba da UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi, Faransa kuwa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba UTC+2 ce. Shi ya sa lokacin sanyi ba ka ga komai ba.

Ɗauko yankin lokacin mai sayen da umarnin JavaScript na Intl.DateTimeFormat().resolvedOptions().timeZone, ka sa a ɓoyayyen gurbi na fom ɗin, sabar ta maida lokacin UTC, ka adana sunan yankin, wato Europe/Paris, tare da shi. Ranar haihuwa kam, in fom ɗin yana karɓar ta, bar ta yadda aka rubuta. In ta bi ta new Date(), umarnin JavaScript na kwanan wata, mutumin Amurka zai ga ta koma baya da kwana ɗaya.