Jita mai murya biyu: in saro ta ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan kiɗa da na sauti a Sabon Gari, Kano. Cikin wata biyu mutum uku sun tambaye ni jitar nan da ke ba da sautin jitar katako da na jitar lantarki a jiki ɗaya. Na ware naira miliyan 6 don sari, kuma wani abokin kasuwancina a Alaba, Legas, ya ce zai iya kawo min guda biyu. In zuba kuɗin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara buɗi. Ni dai da za ka ji tawa, kada ka saro ta ka rataye a bango kana jiran mai saye. Ka sayar da ita, amma sai wanda ya yi oda ya ajiye kafin alƙalami.

Kafin mu je ga lissafi, ka tabbatar me mutanen nan uku suke nufi, domin kaya iri biyu ne ake ruɗawa. Akwai jitar katako ta gargajiya wadda aka maƙala wa 'yar na'urar ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiya don a jona ta da lasifika. Wannan muryarta ɗaya ce, ƙara kawai ake yi mata, kuma tana da araha. Sai kuma mai murya biyu ta ainihi, wadda bayan waccan na'urar tana da ta maganaɗisu irin ta jitar lantarki, da maɓallin da makaɗi zai juya ya koma wannan sauti ko wancan, ko ya gauraya su. Kamfanin Taylor na Amurka ya fito da T5 a 2005, Godin na Kanada ma ya daɗe yana ƙera irinsu. Wadda ta yi tashe daga baya ita ce Acoustasonic Telecaster ta kamfanin Fender na Amurka, da ta fito a farkon 2019 a kan dala 2,000 ba kaɗan, ƙirar garin Korona na jihar Kalifoniya. A ƙarshen 2021 suka fito da ƙaramarta, wato mai sauƙin farashi, ƙirar Meziko, a kan kusan dala 1,200. Zan iya cewa biyu cikin masu tambayarka, in ka faɗa musu farashin nan, za su ce ai ta farkon suke nufi.

To ga lissafi. A ce dala tana naira 1,500. Babbar ta tashi miliyan 3, ƙaramar miliyan 1.8, tun ba a saka kuɗin jirgi da na kwastan da ladan wanda ya kawo ba. Guda biyu sun cinye jarinka ko abin da ya fi rabinsa. Ka ɗauka ma za ka ci ribar naira 400,000 a kowace, amma sai ta yi wata takwas a shago. Miliyan 3 ɗin nan da ka zuba a makirfo, wayoyin sauti, tsirkiya da ƙananan lasifika, sau nawa za su juya cikin wata takwas? Kai ka fi ni sani, littafin shagonka na hannunka. Riba ba girmanta a kan kaya ɗaya ake dubawa ba, sau nawa kuɗin ya fita ya dawo a shekara ake dubawa.

Sai batun wa zai saya. Waƙoƙin finafinan Hausa da na 'yan situdiyo a Kano kusan duk a kan fiyano ake haɗa su, sautin jitar ma daga cikin fiyanon ake ciro shi. Masu kaɗa jita da gaske a wajenku su ne mawaƙan coci-coci, 'yan kiɗan otal da na biki, sai ɗalibai masu koyo. Ɗalibi ba shi da miliyan biyu. Makaɗan Agadas da Yamai kuwa, da jita ta zame musu abin sana'a, hankalinsu ya fi karkata ga jitar lantarki zalla da amfilifaya mai ƙarfi. Wanda mai murya biyu ke yi wa rana shi ne makaɗin da ke buƙatar sauti biyu a zama ɗaya, ba ya son ɗaukar jita biyu a babur ko a mota. Akwai shi, amma ba ya shigowa shago kullum.

Akwai kuma abin da 'yan Legas ba za su faɗa maka ba, saboda su bai dame su ba: hunturu. Masu ƙera jita suna so a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A Kano cikin Janairu da Fabrairu yakan sauka ƙasa da kashi 20. Fuskar jitar nan siririn katako ne, bushewa na iya tsaga shi ko ya lanƙwasa wuyanta. Jitar naira 80,000 in ta tsage ka yi tsaki ka wuce. Ta miliyan uku fa? Ga na'urorin cikinta: babbar Acoustasonic batirin caji ne a jikinta, ƙaramar kuma batir mai bolt 9 ake sa mata. In allon lantarkin ya lalace, ba kowane mai gyaran rediyo ne zai taɓa shi ba, kuma mai saye wurinka zai dawo, ba wurin Fender ba.

Yadda nake ganin za ka yi shi ne, ka kira mutanen nan uku, ka nuna musu hoto da farashi. Wanda ya tsaya, ya ajiye aƙalla kashi 70 cikin 100, ku rubuta a takarda cewa ragowar za a lissafa ta ne da farashin dala na ranar da kaya suka iso. Kada ka yi sakaci da wannan sharaɗin. Waɗanda suka yi ciniki da tsayayyen farashin naira a tsakiyar 2023, lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 a hukumance har ta haura 1,500 a farkon 2024, sun sayar da kaya sun kasa mayar da irinsu. Shi kuma abokinka na Alaba, ya turo maka lambar jikin jitar da bidiyon ana gwada kowane maɓalli kafin ka tura masa sisi, don jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni sun yi yawa, kuma in ta hannu ce ya faɗa maka ta hannu ce.

Abin da za ka iya ajiyewa a shago shi ne waccan mai arahar, ta katako mai jonuwa da lasifika, guda uku ko huɗu, tare da tsirkiya, batir, jaka da waya. Nan ne cinikin kullum yake. In oda ta kai biyu ko uku cikin wata shida, a lokacin sai ka yi tunanin ajiye ɗaya ta gwaji, ita ma ƙaramar, ka riƙa ba situdiyo hayarta kwana-kwana da jingina. Ka ajiye ta cikin akwatinta, da ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin roba mai huji, kuma kada soson ya taɓa katakon.