Sabar da ta ƙi tashi a rami na 5

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce bled ɗin, wato siririyar sabar da ake turawa cikin akwati, da ke rami na 5 cikin akwatin c7000 ta ƙi tashi, ka danna maɓalli shiru, fitila na nan ruwan ɗorawa, ka zare ta ka mayar har sau uku. Kana tambaya ko madabod, babban allon cikinta, ne ya ƙone, mu nemo wani.

Da farko dai ka ɗauke hannunka daga kanta. Kada ka ƙara zare ta.

Ka daɗe kana gyaran kwamfutar tebur, shi ya sa tunaninka ya tafi kan madabod. To, bled 'yar haya ce. Ba ta da fankar kanta, ba ta da na'urar wutar kanta. Tun da HP ya fito da c7000 a 2006 haka tsarinsa yake: ramuka 16 na gajerun bled, na'urorin wuta har 6, fanka har 10, duk na tarayya ne. Mai gidan hayar kuwa shi ne Onboard Administrator, OA ɗin nan da ke baya, na'urar da ke kula da akwatin gaba ɗaya. Idan ka danna maɓalli, iLO, ƙaramin mai kula da ke cikin bled, izini yake nema a wurinsa. In OA ya ce a'a, ko sabuwa ce fil daga kwali ba za ta motsa ba.

Kuma ba ya hanawa a banza, yana rubuta dalili. Shiga OA ka karanta rahotonsa, sannan ka buɗe IML, kundin da bled ke rubuta matsalolinta, ta iLO. Abin da na fi zargi shi ne wuta. Kwana biyun nan ana ta sauya layi tsakanin NEPA da janareta. Idan na'urorin wuta sun kasu uku a layi ɗaya uku a ɗayan, aka rasa guda ko biyu, OA zai lissafa abin da ya rage, ya bar masu aiki su ci gaba, ya hana wadda ke son tashi. Zagaya baya ka ƙirga korayen fitilu da idonka. Ka ƙirga na fanka ma, domin akwatin da aka cika ramukansa yana bukatar aƙalla fanka 8.

In wuta lafiya, ka tuna ko an taɓa ƙananan katunan da ke cikinta. Katin da ke gurbi na 1 a cikin bled da suwic na 3 da na 4 yake magana, wato na'urorin sadarwa da ke bayan akwatin. Ka sa katin Fibre Channel, na haɗawa da ma'ajiyar bayanai, alhali suwic ɗin Ethernet ne a can, OA zai ga ba su dace ba ya hana ta wuta.

Yanzu maganar zarewa, wadda ita ce ta fi damuna. A bayan kowace bled akwai mahaɗi da ke shiga allon tsakiya, kuma allon nan guda ɗaya ne tak ga dukkan sabobin. Ina yaro a wannan sana'a, a wani ofis, na tura bled ta cije, na sa ƙarfi. Da muka haska tocila cikin ramin, sai ga fil guda ya kwanta kamar ƙaya da aka taka. Fil ɗaya! Sai da aka kashe akwatin gaba ɗaya, aka fitar da komai, muka kwana a ɗakin sanyi muna canza allo. Har yau in zan mayar da bled da yatsu biyu nake tura ta, hannun kullewa ya ƙarasa sauran. In ka ji ta cije, dawo da ita ka duba.

Abin da kake nema da zarewar ma akwai shi a umarni. Rubuta reset server 5 a OA, zai yanke mata wuta ya mayar, ba tare da ka taɓa ƙarfe ba.

Sai duk wannan ya gaza za mu ɗauke ta mu sa a wani rami. In ciwon ya bi ta, nata ne, mu fara da duba RAM, wato ƙwaƙwalwarta. In ta tashi a can, ramin ne. Duk lokacin da ta fita ka toshe gurbin da murfinsa, in ba haka ba iska za ta bi ta ƙofar banza maƙwabtanta su ɗau zafi. Ga shi hunturu ya kama, ƙurar Kano ba ta jin kunyar ɗakin sabar. In za ka hure ta, fitar da ita waje, igiyar kwashe lantarkin jiki na ɗaure a hannunka.

Ɗauko mini hoton rahoton OA da na fitilun baya ka turo kafin la'asar. Gobe da safe in sha Allah zan shigo, ka tanadi tocila.