Amsar tambayarka kan al'adun masu zanen katun na jarida

Assalamu alaikum ɗana, ya karatu, ya mutan gidan? Saƙonka ya iso. Ka haɗa min tambaya uku a wuri ɗaya, wai me ya sa mu tsofaffin masu zanen katun muke nacewa sai mutum ya tara zanen makonni ya ajiye kafin ya fara fitarwa, me ya sa kullum ake raba zanen zuwa akwati uku ko huɗu, sannan ko abin kunya ne mai zane ya ɗauki mai taya shi. Ka ce kai in abin dariya ya faɗo maka sai ka zana ka saki nan take, in bai zo ba ka haƙura, kuma a ganinka waɗannan al'adun na zamanin injin buga jarida ne, sun zama tsohon yayi. Toh ka gyara zama, maganar tana da tsawo.

Maganar ajiya dai kana da gaskiya a gefe ɗaya, asalinta daga jarida ne. Tun da Bud Fisher ya fara fitar da zanensa kullum a jaridar San Francisco Chronicle a 1907, wanda daga baya ya zama Mutt and Jeff, sana'ar ta koma ta kullum kamar fitowar rana, mai karatu ya buɗe shafi yana so ya tarar da mutanensa a inda ya bar su jiya. Daga baya kamfanonin dillancin zane suka shigo irin su King Features, su ne ke karɓar zane ɗaya su sayar wa jaridu ɗaruruwa, bisa al'ada a raba kuɗin biyu tsakaninsu da mai zane, to kaga kafin edita ya duba, a yi kwafi, a aika gari-gari ta gidan waya, dole zanen ya bar hannunka makonni kafin ranar fitowarsa, na ranar Lahadi ma ya fi haka nisa saboda shi mai launi ne kuma daban ake buga shi tun da wuri. Wannan dalilin kam ya mutu, yanzu da ka danna ya isa ko'ina.

Amma akwai dalili na biyu wanda intanet bai taɓa shi ba, shi ne kai ɗan Adam ne. Za ka yi zazzaɓi, za a yi rasuwa, za ka yi tafiyar da ba ka shirya ba, akwai kuma kwanakin da lafiyarka ƙalau amma ka zauna tun safe har la'asar farar takarda na kallonka kana kallonta. Wanda yake da ajiya ranar nan sai ya ɗebo daga rumbu ya ba mutane, wanda ba shi da ita ko dai ya yi shiru mutane su fara mantawa da shi, ko ya fitar da abin da shi kansa ya san bai nuna ba, kuma na biyun ya fi ɓarna wallahi, don mai karatu in ka yaudare shi sau kaɗan ba ya faɗa maka, daina zuwa kawai yake yi. Sannan abin da ba a cika faɗa wa matasa ba, ajiya ita ce editanka na farko. Abin da ya ba ka dariya da tsakar dare kana zana shi, ka ajiye shi sati biyu ka dawo ka kalle shi da idon baƙo, wani za ka ga har yanzu da ransa, wani kuwa ka rasa me ma ya ba ka dariya a ciki. Wanda yake saki nan take ya hana kansa wannan kallon na biyu.

Ka ce sai in abin ya faɗo maka. Ɗana duk wanda ya daɗe a wannan aikin zai ce maka abin ba ya faɗowa mai jira, zama ake yi a tebur a lokaci ɗaya kullum a kira shi. Charles Schulz mai Peanuts ya fara ranar 2 ga Oktoba 1950, na ƙarshe ya fito 13 ga Fabrairu 2000, kwana ɗaya bayan rasuwarsa, zane 17,897 kuma duk da hannunsa, rubutu da fensir da tawada. A shekarunsa na ƙarshe hannunsa na rawa, in ka duba layukan za ka ga suna ɗan karkarwa, bai miƙa wa kowa alƙalamin ba. Kana ganin mutumin nan sau dubu goma sha bakwai abin dariya ya faɗo masa yana kwance? Ina! Zuwa yake yi ɗakin aikinsa kamar kowane ma'aikaci.

Yadda ranar take tafiya a wajen yawancinmu, safiya ta rubutu ce, ba a taɓa takardar kirki. Littafin aljihu da fensir, kana ta ƴan zane-zanen banza a gefe, ka zana fuskar yaron da ke cikin zanenka yana fushi ka tambayi kanka me ya ɓata masa rai, ka rubuta wata magana da ka ji wani ya faɗa a mota jiya ka sa ta a bakin wani daga cikin mutanenka ka ji ko ta dace da shi. Goma za ka rubuta ka zubar da takwas. Kuma in ka gina mutanenka da kyau, kowa da halinsa, wannan matsoraci ne mai cika baki, wancan marowaci, waccan ba ta raga wa kowa, to rabin aikin su za su yi maka, ka jefa su cikin matsala ɗaya kawai ka saurara. Shi ya sa nake ce wa yara masu nuna min zane, hannu mai kyau ba shi ne sana'ar ba, na ga masu hannun da ya fi nawa nesa ba kusa ba sun daina cikin wata biyu saboda ba su da abin cewa.

Yanzu maganar akwati huɗu. Shi ma fili ne ya haife shi, jarida ta ba ka ɗan tsiri a kwance, in ka raba shi ya wuce huɗu fuskoki sun ƙanƙance ba a gane su. Amma da aka daɗe ana yi sai aka ga ai haka ma numfashin barkwanci yake. Mutanen Japan da nasu tsarin mai gida huɗu, su daga sama zuwa ƙasa suke jerawa, Machiko Hasegawa ta yi Sazae-san a haka daga 1946 zuwa 1974, kuma tsarin nasu shi ne ka buɗe magana, ka ja ta, ka juya ta, ka rufe. Bari in ba ka misali ka gani da idonka. Akwati na farko, yaro ya zo da kwanonsa ya tarar da kyanwa zaune kan tebur, ya nuna ƙasa da yatsa, "Sauka." Na biyu, ya riƙe ƙugu yana ta bayani, a gidan nan akwai doka, tebur na mutane ne. Na uku ba magana ko ɗaya, shi yana kallonta ita tana kallonsa, ko gashin bakinta bai motsa ba. Na huɗu, yaro zaune a ƙasa da kwanonsa kan cinya, kyanwa na nan inda take, ya ce "To na yau kawai." Dariyar tana fashewa a na huɗu amma a na uku aka ɗura ta, wannan shirun. Sabon hannu ba ya iya barin akwati ba magana, sai ya cusa wa yaron "kina ji na kuwa?" shikenan ya kashe abin. Ka cire na ukun gaba ɗaya ka karanta, za ka ji kamar an yanke wa mutum numfashi. Ba wai dole huɗu ba, Schulz kansa ya shekara sama da talatin a huɗu sannan ya koma uku har wani lokaci ɗaya tal, amma sai da ya san huɗun ciki da bai.

Sauran ƙananan al'adun ma kowacce da dalilinta. Ana fara rubuta maganar a cikin akwati kafin a zana mutane, don in ka fara da mutum ka ƙawata shi sai ka rasa inda za ka sa magana, ka matse haruffa a kusurwa. Wanda zai fara magana a hagu ake tsayar da shi tunda ido daga hagu yake tasowa, masu zane da Larabci su a dama. Kalmar da ke ɗauke da dariyar ita ce ta ƙarshe a jimlar ƙarshe, kar ka bar wata ta biyo bayanta. A da muna zana shi babba a farin kwali mai santsi, fensir shuɗi mai haske wanda kyamara ba ta ɗauka, a bi da baƙar tawada, inda hannu ya zame a shafa farin fenti, sannan a wajen bugu a rage girmansa, to duk siririn layi da ƙananan ado ɓacewa suke yi. Kai da kake zane a allon kwamfuta kana zuƙo hoto kana gyara gashin ido, ka tuna a fuskar waya za a kalle shi, wadda ba ta fi tsirin jaridar nan faɗi ba. Kafin ka saki, rage shi ya koma girman da za a gan shi, ka miƙa hannu nesa ka karanta.

Akwai ma wata al'ada ta ranar Lahadi da ta daɗe tana ci wa masu zane tuwo a ƙwarya, jerin akwatunan sama dole ka yi shi yadda in jarida ta ga dama ta yanke shi don tsimin fili labarin ba zai lalace ba, wato ka zana abin da ka san wasu za su zubar. Bill Watterson mai Calvin and Hobbes, zanen wani yaro da damisarsa, ya ƙi, bayan hutun da ya yi a 1991 zuwa 1992 ya ce ko a ba shi rabin shafi cikakke ba yanka ba sake jeri ko a bar zanen, editoci suka yi ta ƙorafi amma yawancinsu suka bi. Na kawo maka wannan ne don kar ka ɗauka ina cewa duk abin da aka gada daidai ne. Al'adar da ke kare aikin ka riƙe ta, wadda ke kare aljihun wani kawai kana iya ja da ita in ƙarfinka ya kai.

Sai mai taya aiki. Ba abin kunya ba ne, kuma tun fil azal ana yi, da yawa daga manyan ma ta nan suka koyi sana'ar, yaro ya fara da cika baƙi da jan layin akwati da rubuta haruffa a ɗakin wani kafin ya kafa nasa. Jim Davis mai Garfield da ya fara a 1978 kamfani guda ya kafa, shi yana rubutu da zanen farko wasu su ƙarasa. Mort Walker mai Beetle Bailey a zamaninsa zama suke yi da abokan aikinsa kowa ya kawo nasa barkwancin a tace. Blondie kuwa Chic Young ya fara a 1930, da ya rasu a 1973 ɗansa Dean ya ci gaba da rubutawa wasu na zanawa. Abin kunyar shi ne ka ci gumin yaro, ka biya shi abin da bai taka kara ya karya ba, ko ya kawo maka dabarar da ta tashi kan mutane ka yi kamar ba ka san shi ba, wannan na gani da idona kuma har yau ba ya min daɗi in na tuna. Ni dai ra'ayina, tawada da launi kana iya ba wani, amma a shekarunka na farko kar ka ba kowa rubutun, don muryar mutanenka ba ta gama zama ba tukuna, in baki biyu suka shiga ciki mai karatu zai ji ko da bai san me ya canza ba.

Tunda mun zo nan bari in ƙara maka abin da ba ka tambaya ba, don shi ya fi ba ni tsoro a kanku. Duk takardar da aka miƙo maka ka sa hannu, nemi layin da ya ce wa ya mallaki mutanen da ka ƙirƙira. Rudolph Dirks shi ya ƙirƙiro Katzenjammer Kids a 1897 a jaridar wani attajirin Amurka mai suna Hearst, da suka saɓa aka je kotu, jarida ta riƙe sunan ta ba wani ya ci gaba da zanawa, shi kuma ya koma wata jaridar yana zana yaran nasa da wani suna daban. Schulz ma ba shi ya zaɓi sunan Peanuts ba, kamfanin dillanci ne ya laƙaba, kuma har ya bar duniya ba ya son sunan. Watterson shekaru ya yi yana ja-in-ja don kar a mai da yaronsa da damisarsa ƴar tsana da hoton riga, ya bar kuɗi masu yawan gaske, sannan ranar 31 ga Disamba 1995 ya ajiye alƙalami bayan shekara goma ana tsakiyar son abin. Quino na Ajantina haka ya tsayar da Mafalda a 1973 bayan shekara tara don ba ya so ya fara maimaita kansa. Wanda ya sayar da mutanensa tun farko ba shi da bakin cewa ya isa haka, ranar da ya gaji wani za a ɗora.

To abin da nake so ka yi, kar ka saki komai a watan nan. Zaɓi lokaci ɗaya a rana ko da awa ɗaya ce bayan ka taso daga makaranta, kar ya taɓa karatunka, ka zauna ko da abin cewa ko babu. In ka tara talatin ka zubar da goman da suka fi rauni, ka fara da ashirin ɗin, ka faɗa wa masu bibiyarka ranakun da za su riƙa ganinka, ko sau uku ne a sati, ka kuma cika alkawari. Kafin nan turo min guda shida a fensir tun ba ka sa tawada ba, har da waɗanda kake ganin ba su yi ba, su na fi son gani. Ka gaida min mahaifiyarka da ƙannenka.