Amsa ga mai son ɗinka kilt da hannunsa

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce abokin aikinka zai yi aure a Gilasgo ta ƙasar Sikotlan, an ce maza su zo da kilt, tufafin nan na mutanen Sikotlan mai kama da zani mai ninke-ninke a baya, kai kuma kana son ka ɗinka naka. Ka tambaya ko yadi huɗu zai isa, da kuma ko keken ɗinki zai iya aikin.

Yadi huɗu zai isa idan mai faɗi biyu ne, wato inci 54 zuwa 60. Tsaga shi za ka yi ta tsawo, ka haɗa biyun su zama yadi takwas, mahaɗar ta ɓuya cikin ninki. Idan mai faɗi ɗaya ne, sai ka sayi takwas cur. Kafin ka biya kuɗi, duba zanen tartan ɗin, wato layukan launuka masu gicciye juna da ke jikin yadin kilt. Yawancinsu in ka juya su kai ƙasa zanen bai canzawa, amma akwai irin su Buchanan da layukansu ke tafiya gefe guda. Irin wannan in ka tsaga ka juya rabi na biyu, launukan za su bi baya, mahaɗar ta fito fili. Yadin kuwa ulu ne mai nauyi, wanda suke kira oza 13 ko 16, wato nauyin yadi ɗaya. Mai oza 10 ko 11 ba ya riƙe guga sosai, iska ma na wasa da shi.

Awo uku ne, kuma wani ne zai auna ka, don in ka sunkuya da kanka tsawon zai ɓaci. Na farko ƙugu, daidai cibiya, a ja tef ɗin ya kama sosai. Ba inda kake ɗaura wando ba, can ya yi ƙasa. Na biyu mazaunai, inda suka fi faɗi, a bar tef ɗin sakwa-sakwa. Na uku tsawo, daga cibiya zuwa saman ƙoƙon gwiwa ko tsakiyarsa. Sai ka ƙara inci biyu a sama da layin ƙugu, wanda zai hau ciki. Kilt ba a yi masa kalmasa a ƙasa; bakin saƙar yadin shi ne ƙasansa, saboda haka daga sama ake rage tsawo. Ƙyallen da ya rage a tsakiya bayan tsagawa, adana shi don bakin ƙugu.

Tsarinsa kamar ɗaurin zani ne: shafaffen gaba guda biyu, ɗaya kan ɗaya, da ninke-ninke a baya. Na ciki yana tasowa daga dama ya wuce hagu, maɗaurinsa na fata ya fita ta wata 'yar kafa da ka bari a hagu. Na sama yana tasowa daga hagu ya ƙare a dama, inda gezarsa take.

Ga lissafin, a ce ƙugunka 36 ne, mazaunai 42. A ƙugu gaba ya ɗauki 18, baya 18. A mazaunai gaba 20, baya 22, domin can ne jiki ya fi tudu. Yanzu auna zanen yadin daga inda ya fara zuwa inda ya maimaita kansa, a ce inci 7. Yadi takwas inci 288 ne. In ka ware wajen 113 don gaba biyun da naɗinsu da zurfafan ninkin gefe, saura 175. Kowane ninki yana cin zane ɗaya, inci 7, wato ninki 25 ke nan. Raba 22 gida 25, kowane ninki zai nuna kusan bakwai bisa takwas na inci a mazaunai. Raba 18 gida 25, a ƙugu zai nuna ƙasa kaɗan da uku bisa huɗu. Wannan 'yar tazarar ita ce siffar kilt gaba ɗaya. Kuskuren kashi ɗaya cikin 16 na inci a kowane ninki, in ya taru sau 25, ya haura inci ɗaya da rabi. Shi ya sa bayan kowane ninki biyar sai ka ɗora tef ka ga ko kana kan hanya.

Ninkin iri biyu ne. Ko ka zaɓi layi ɗaya mai haske ya zauna a tsakiyar kowane ninki, irin na sojoji, ko ka jera su yadda zanen zai sake fitowa a baya kamar ba a ninke ba. Na farkon ya fi sauƙi ga mai koyo, kuma shi lissafin sama ya bi. Na biyun kowane ninki yana cin zane ɗaya da ƙarin faɗin ninkin, sai adadin ya ragu.

Batun keke: zai iya, amma ban ba ka shawara ba a kan ninkin. Ana ɗinke kowane ninki ne daga sama zuwa layin mazaunai kawai, kusan sulusin tsawon, sauran a bar shi yana lilo. Da hannu, allura na kama bakin ninkin ɗinkin ya ɓace. Keke kuwa yana tura yadin sama gaba, sai layukan kwance su goce, ga zare a fili. Wurin tsayar da ɗinkin ma abin lura ne. In ya tsaya sama da tudun mazaunai, ninkin zai buɗe baki. In ya zarce ƙasa, zai matse cinya ya hana lilo. Kuma tsukewar a yi ta daga gefe biyu daidai, in ba haka ba layin tsakiya zai karkace.

Da ka gama, kama ninkin da dogon zare layi uku ko huɗu har ƙasa, kowanne faɗinsa ɗaya da na mazaunai. Kada ka bari su baje kamar mafici. Sannan ka gwada a jiki kafin almakashi ya taɓa ciki, domin mataki na gaba ba ya gyaruwa: za ka yanke tulin yadin da ke cikin ɓangaren da ka ɗinke, don kada ƙugu ya yi kauri. Kafin yankan, bi ta ciki da ɗinki mai ƙarfi a layin mazaunai ka haɗe ninkin da juna, shi ke hana su zubowa. Bayan yankan, ɗinka tsiri na auduga mara miƙewa daga bokul zuwa bokul, wato ƙarafan da maɗauran fata ke shiga a gefe biyu. Masu tsallake wannan su ne kilt ɗinsu ke saki bayan sawa kaɗan, don jan maɗauri yana komawa kan ɗinkin ninkin. A kansa sai yadi mai tauri irin na ƙirjin kwat, sannan shafi.

Gaban sama kada ya sauka a miƙe. Gefensa ya ɗan buɗe daga ƙugu zuwa ƙasa, in ba haka ba ninkin farko zai riƙa leƙowa. Guga kuma dannawa ake yi, ba gogawa ba: jiƙaƙƙen ƙyalle a kai, ka danna, ka ɗaga, ka ɗora katako har wurin ya huce, sannan ka zare zaren riƙon.

Fil ɗin ado da ake maƙalawa a ƙasan dama, a gaban sama kaɗai yake tsayawa. In ka soke shi har na ciki, taku ɗaya mai faɗi zai yaga yadin. Tunda ulun yana da tsada, fara yin ninki goma a kan yadi mai araha mai irin wannan zane, ka auna su, kafin ka zana alli a kan na gaske.