Amsa ga ɗan Birni da giya ta fi ƙarfinsa a Liyon

Wani matashi ɗan unguwar Birni, nan Damagaram, ya rubuto mini daga Liyon ta Faransa, inda yake wanke-wanke a wani gidan abinci shekara 6 ke nan. Ya ce: "Baba, da kwalba ɗaya na fara don barci ya zo. Yanzu in ban sha da safe ba hannuna rawa yake yi. Sau biyu na makara wurin aiki, ga takardar zamana ta kusa ƙarewa. An ce akwai taron masu daina sha, amma a coci ake yi, kuma ina tsoron sunana ya kai ga hukuma. Inna ta ji muryata ta canza, ta ce in dawo gida a yi mini rubutu."

Ɗana, rawar hannun nan ce ta fi tayar mini da hankali, shi ya sa zan fara da ita. Kada ka yanke sha dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba da giya kullum, in aka tsinke masa ita, cikin sa'o'i kaɗan gumi da makyarkyata ke farawa, wani ya faɗi kamar mai farfaɗiya, a kwana na 2 ko na 3 wani ya shiga gane-gane da sambatu. Ana mutuwa a haka. Likita za ka fara gani. A Faransa akwai cibiyoyin kula da masu shaye-shaye da ake kira CSAPA, aikinsu ke nan, kyauta ne, kana iya roƙon kada a rubuta sunanka. In ba ka san ta kusa da kai ba, kira layin ba da shawara kan giya, Alcool Info Service, a 0 980 980 930.

Batun takardu gajere ne. Doka ta hana likita fallasa sirrin mara lafiya, ko ga maigidanka, ko ga masu sabunta takardar zama. Abin da ke ɓata takarda shi ne a kama ka da tuƙi a buge, ko faɗa a titi, ko aikin ya kuɓuce maka. Wato giyar ce ke maka barazana, ba neman magani ba.

Shi kuwa taron, ka tuna fadarku ta ƙofar gida bayan Isha'i: benci biyu, butar shayi kan gawayi, kowa na faɗin abin da ke cinsa. To haka yake, sai dai kujeru ne a zagaye, kofi a gefe, kuma ba mai katse wani ko yi masa dariya. Sunan fari kawai ake faɗa. Ba rajista, ba katin shaida, ba kuɗin shiga. Ana dai zagayawa da ɗan kwando, mai sulalla ya jefa. Ran farko kana iya zama shiru har a tashi. Mafi shahara su ne Alcooliques Anonymes, waɗanda mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka kafa a 1935 a garin Akron na Amurka, bayan sun lura cewa mashayi ya fi jin maganar wanda ya sha ya daina. Sharaɗinsu ɗaya ne: kana son dainawa. Ba sa ce maka ka rantse har abada, yau kaɗai ake riƙewa, gobe a sake.

Gaskiya ne ana yawan yin taron a ɗakunan coci, amma aro ne ko haya, wasu ma a asibiti ko ɗakin taron unguwa suke haɗuwa. Ba a yi wa kowa wa'azin Kirista. Suna ambaton Ubangiji yadda kowa ya san shi, kai kuwa ka san naka. In duk da haka zuciyarka ba ta kwanta ba, akwai wata ƙungiyar masu daina sha, Vie Libre, wadda ba ruwanta da addini. Ni dai shawarata, ka gwada wurare 3 kafin ka ce ba naka ba ne, don ko fada ba kowace ce ke karɓar mutum ba. Ka zaɓi wadda ta dace da ranar hutunka, kuma kusa da tashar jirgin ƙasa da kake hawa. Taron da ke nesa, sanyin Janairu zai raba ka da shi. Kafin ka fita, ka karɓi lambar mutum ɗaya da ya jima da dainawa, wanda za ka kira ƙarfe 11 na dare in an rufe kicin, abokan aiki sun fara buɗe kwalabe.

Na san kunya ce ke riƙe ka, ɗan Malam a taron mashaya. A zamanin Manzon Allah (SAW) an sha kawo wani sahabi saboda giya, wani ya tsine masa, Manzo ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ba a kore shi daga jama'a ba.

Inna kuwa, ka karɓi addu'arta hannu biyu, a yi rubutun, a yi sadaka. Amma kada ka ɗauko jaka yanzu. In takardar ta ƙare kana gida, komawa sai wani ikon Allah, kuma kada ka ɗauka Zinder ba a sha. Ana sha, a ɓoye ne kawai, ga zaman banza da zai jira ka. Ba dole dangi duka su sani ba. Ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana, yayanka ko kawunka, ka faɗa masa gaskiya. Ranar da albashi ya shigo, ka tura kuɗin gida kafin dare, tun ba su kwana a aljihunka ba.

In ka je taron farko ka rubuto mini. Ka faɗa mini mutum nawa ka tarar, da ko ka iya buɗe baki.