Da gaske ɗan Ice Cube ne ya fito a matsayin babansa?

Ɗan uwa ka tambaya ko yaron da ya fito a matsayin Ice Cube, mawaƙin rap na Amurka, a fim ɗin Straight Outta Compton na 2015 ɗansa ne ko kama ce kawai. Ɗansa ne na cikinsa, O'Shea Jackson Jr., amma fa kar ka ɗauka a sama ya samu, kusan shekara biyu yana zuwa gwaji yana koyon aktin kafin darakta F. Gary Gray ya yarda da shi, duk da babansa na cikin furodusoshin tare da Dr. Dre da matar marigayi Eazy-E. Wannan ya burge ni sosai wallahi. Ka lura da yadda yake ɗaure fuska ya haɗe gira, sak uban, wannan kam ba a koyar da shi.

Wani abin da ba kowa ya sani ba, jaruman sun shiga situdiyo sun sake rera waƙoƙin kundin N.W.A, ƙungiyar rap ta su Ice Cube, Dr. Dre da Eazy-E da aka yi fim ɗin a kanta, da bakinsu don su saba da juna, shi ya sa in suna kan dandali sai ka rantse tare suka tashi a Compton. Shi ma Gray ba baƙo bane a gidan, shi ya ba da umarnin fim ɗin Friday a 1995 tare da Cube.

Irin haka ta faru a fim ɗin Notorious na 2009, ɗan mawaƙin rap Biggie ne ya fito a matsayin babansa yana yaro, alhali yana jariri aka harbe uban a 1997. Duk sanda na kalli wurin nan sai jikina ya yi sanyi.